Yadda za ka saita mai da iska da sensar salansar da mota ta zo da ita

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin fetur, koken da direbobi ke kawo mini a rumfata da ke Birnin Kebbi ya canza. Da can sai mota ta ƙi tashi, ko wuta ta ɗauke mata a hanya, sannan a tuna da mai rewaya. Yanzu kuwa mota na tafiya garau, amma mai ita ya shigo rai a ɓace, maganarsa ɗaya ce: tana shan mai.

Wani dattijo mai Golf 3 da ke jigila tsakanin nan da Jega ya zo mini da hantsi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, motar ga za ta tsiyata ni. Man da nika sawu biyu da shi, yanzu ba shi kai ni." Na ɗaga bonet, na leƙa bayan inji inda salansa ta faro, sai ga wayar sensa a yanke, an naɗe bakinta da baƙin salatif. Na ce, "Baba, wa ya yanke wannan?" Ya ce, "Ai an ce mini ba ta da wani aiki, don hayaƙi Turawa sunka sa ta."

Ba shi kaɗai aka faɗa wa haka ba, kuma abin yana damuna, domin yawancin sauran sensocin mota hasashe suke yi kafin mai ya ƙone: wannan ta auna iska, waccan ta auna zafin ruwa. Sensar salansa ce kaɗai take tsaye a bayan wuta tana ganin abin da ya faru bayan ƙonewa. Wanda ya iya karanta ta da mitar rewaya zai gano inda mai ke zurarewa, har ya saita silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, da tafiyar yau da kullum ba tare da ya sayi na'ura mai tsada ba. Amma tana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai iya ƙona inji. Ni na taɓa ƙonawa, zan zo kan wannan.

Abin da take gani

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, motocin Volvo suka fara fita da ita a 1976. A cikinta akwai ɗan tangaran na sinadarin zakoniya. Gefensa ɗaya yana cikin hayaƙi, ɗaya gefen yana shan iskar waje. Bambancin oksijin tsakanin ɓangarorin biyu shi ke sa ta haifar da 'yar wuta kamar ƙaramin batir, daga folt 0.1 zuwa folt 0.9. Ka riƙe wannan da kyau: ba ta ganin fetur. Oksijin da ya saura a hayaƙi kawai take gani.

Fetur yana ƙonewa tas ne idan kilo ɗaya ya haɗu da kilo 14.7 na iska. Idan mai ya fi haka yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, sensa ta hau 0.8 ko 0.9. Idan mai ya yi kaɗan, oksijin ya saura, ta faɗo 0.1 ko 0.2. Tsakiya ita ce 0.45, amma kusan ba ta zama a wurin. Ka tuna sikelin mahauta mai kwano biyu: da zarar an ƙara 'yar tsoka a ɓangare ɗaya, ya rinjaya gaba ɗaya. Zai faɗa maka wane ɓangare ya fi nauyi, ba zai faɗa maka da nawa ya fi ba. Haka wannan sensar take.

Kwamfutar mota, wadda muke kira birenbos, da wannan rinjaye take aiki. Ta ga 0.8 ta rage mai, ta ga 0.2 ta ƙara, haka ba tsayawa. Shi ya sa lafiyayyar sensa rawa take yi a kan mita. Kuma ba ta fara magana sai ta yi zafin da ya haura digiri 300, dalilin da ya sa ake saka wa na zamani hita a ciki.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mitar rewaya mai nuna lamba, allurar ɗinki ko fil guda biyu, wayoyi masu ɗan tsawo, sufana mai lamba 22, da fulogi-sufana. Kada ka yi amfani da tsohuwar mita mai allura, tana zuƙe 'yar wutar sensa ta ba ka lambar ƙarya. Idan motar tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ka nemi 'yar na'urar ELM327 da ake sokawa a nan ta turo bayanan birenbos zuwa wayar salula, ka saka manhaja irin Torque.

Mataki na farko: ka san wadda kake aunawa

Motoci da yawa sensa biyu gare su a layi ɗaya: ɗaya kafin tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ɗaya bayanta. Ta gaban ita ce abokiyar aikinka. Ta bayan kuwa, indomi take sa wa ido. Idan indomi na da lafiya za ka gan ta ta natsu wajen 0.6 zuwa 0.8, idan kuwa an fasa an zubar da cikinsa, kamar yadda aka yi wa motoci da yawa a nan, sai ta riƙa kwaikwayon rawar ta gaba, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama, na'ura ta nuna lambar matsala P0420. Ba a saita mai da ta bayan. Injin V6 kuma ɓangare biyu ne, kowane da tasa sensar.

Sai ka ƙirga wayoyi. Mai waya ɗaya ba ta da hita, jikin salansa ne at ɗinta, wato hanyar da wutarta ke komawa bodi. Mai huɗu tana da biyu na hita, ɗaya na saƙo, ɗaya na at. A ta Bosch, baƙa ce ta saƙo, ruwan toka ce at, fararen biyu hita. A ta Denso da ke zuwa a Toyota, baƙaƙen biyu ne hita, shuɗiya saƙo, fara at. Launin da nake nufi na wayar da ke jikin sensar ne, ba na ɓangaren mota ba.

A nan akwai tarkon da ya sa aka zubar da sensoci masu lafiya da yawa. Toyota da dama daga farkon shekarun 2000, irin su Camry da ake kira Big Daddy da wadda ake kira Muscle, sensarsu ta gaba wata iri ce daban, ko da yake waya huɗu gare ta kuma kamanninsu ɗaya. Ba ta rawa. A na'urar Toyota tana zama wajen folt 3.3, a ƙananan na'urori kuma sau da yawa 0.66 za ka gani. Lissafinta ma a juye yake: idan lamba ta hau, mai ya yi kaɗan, idan ta sauka, mai ya yi yawa. Mitar rewaya ba za ta gaya maka komai a kanta ba. Idan irinta ce a motarka, ka tsallake mataki na uku, ka yi na biyu da na huɗu.

Mataki na biyu: ka kawar da abin da ke sa ta ƙarya

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali rabin aikin yana nan.

Fara da tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a inji har ya yi zafi. Al'adarmu ce da zarar mota ta iso daga Kwatano, a cire shi a jefar, a haɗa fanka dairek, a ce zafin ƙasarmu ya yi yawa. Na san zafin Afrilu a Kebbi, ya kan haura digiri 40, ban raina shi ba. Amma inji an yi shi ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 90 da 'yan kai. Idan ruwa ya tsaya ƙasa da haka, birenbos yana ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ya ci gaba da ƙara mai kamar an ja cok, a wasu motocin ma ya ƙi sauraron sensa sam. Da asubar hunturu a hanyar Argungu, motar da ba ta da tamostat za ta iya tafiyar rabin awa ba ta kai zafinta ba. Idan mota tana zafi fiye da kima, lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa ya gaji. Su za a gyara. A mayar da tamostat.

Sai ɓular salansa. Duk wani tsagu ko gasket da ya ƙone tsakanin inji da sensa yana zuƙo iskar waje. Sensa ta ga oksijin, ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya antayo mai, ga mota tana baƙin hayaƙi ga mita tana nuna 0.1. Ka tayar da mota da sanyinta, ka saurari "tas-tas" a wajen manifol, rassan bututun da ke jikin inji, ka duba inda baƙin zane ya fito a bakin haɗi. A kai wa mai walda kafin a ci gaba.

Fulogin da ba ya cin wuta shi ma haka yake yi. Silindar da ba ta ƙona ba tana tura iskarta ɗanya cikin salansa, sensa ta ga oksijin ta kira ƙarin mai. Don haka ka kwance fulogai ka duba, ka gwada kwayil da wayoyin wuta. Ka ciro filtar iska ka ɗaga ta a rana. Idan haske bai ratsa ba, ƙurar hunturu ta gama da ita. Kuma kada ka yi awo da man bumburutu da ba ka san asalinsa ba. Man da aka gauraya da kananzir ko ya sha ruwa zai rikita maka lissafi, ka yi ta saiti a kan ƙarya.

Motar Baban nan na Jega duka uku ta haɗa: waya a yanke, ba tamostat, ga tsagu a wuyan salansa. Sensar kanta da muka haɗa ta, lafiyarta ƙalau.

Mataki na uku: haɗa mita, ka gwada sensar kanta

Ka yi aikin a fili. Hayaƙin mota a rufaffen shago yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta wari. Ka ja birkin hannu, giya a firi.

Inji a kashe, ka cire soket, ka auna tsakanin wayoyin hita biyu a ma'aunin om. Lafiyayyar hita ba ta cika wuce om 20 ba, wasu ma ƙasa da 5. Idan mita ta nuna layi a yanke, hita ta mutu, ita ce lambar P0135. Kada ka taɓa auna om a wayar saƙo, wutar mita na iya lahanta tangaran ɗin.

Mayar da soket. Zura allura ta bayan soket, ta gefen robar wayar saƙo, har ta taɓa ƙarfe. Kada ka huda wayar, ruwa zai bi nan ya ci ta. Jan bakin mita a kan allura, baƙin a kan wayar at ta sensa, ko jikin inji idan mai waya ɗaya ce. Murɗa mita zuwa DC, kan 2V. Ka kauda wayoyi daga fanka da bel da jikin salansa.

Tayar da mota, ka bar ta har allurar zafi ta kai tsakiya. Yaronka ya zauna ciki ya riƙe totur, agogon juyin inji na nuna 2,500, na minti biyu, kai kuma idonka na kan mita. Abin da kake son gani shi ne lamba tana hawa sama da 0.7 tana sauka ƙasa da 0.3, aƙalla kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Mita mai lamba ba ta da saurin da za ta kama kowane juyi, za ka ga lambobi suna tsalle ne: 0.2, 0.7, 0.3, 0.8. Hakan ya wadatar. A silo rawar kan ɗan lafa, ba laifi ba ne.

Yanzu ka tsokane ta ta ɓangare biyu. Yaro ya taka totur da ƙarfi sau ɗaya ya saki. Da takawa ya kamata ta haye 0.8 ko fiye, da sakewa ta faɗo kusa da 0.1, domin birenbos yana yanke mai idan an saki totur daga sama. Sannan ka zare ƙaramin tiyon iska ɗaya daga manifol: nan take ta faɗi ƙasa da 0.2. Ka mayar, ta dawo rawa. Sensar da ta amsa duka biyun da sauri mai gaskiya ce, ka yarda da abin da za ta faɗa maka daga nan.

Idan ta tsaya cak a 0.45 ba motsi, a motoci da yawa wannan wutar birenbos ce kake gani ba ta sensa ba. Ko ba ta yi zafi ba, ko waya ta yanke a wani wuri, ko ta mutu. Idan tana rawa amma a kasale, tsakanin 0.4 da 0.6, tana ɗaukar daƙiƙa uku ko huɗu kafin ta juya, ta tsufa, lambarta P0133. Irin wannan ita ce ɓarauniyar mai ta ɓoye, domin sau da yawa wutar cek ba ta kamawa.

Amma idan ta amsa tsokana, sannan ta koma ta liƙe a sama ko a ƙasa, kada ka canza ta. Labari take ba ka. Liƙewa a 0.8 zuwa 0.9 na nufin mai ya yi yawa har birenbos ya kasa ragewa: nozul na ɗiga, ko matsin mai ya wuce kima, ko sensar zafin ruwa tana cewa inji da sanyi. Ka zare tiyon da ke kan regileta na mai. In ka ga jiƙar fetur a ciki, fatarsa ta fashe. Liƙewa a ƙasa kuma iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko famfon mai ya gaji.

Mataki na huɗu: lambobi biyu da suka fi mita bayani

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, duk suna magana da yaren OBD2. Golf 3 ta Turai ko da tana da soket ɗin, ƙaramar na'urar ba ta cika jin yarenta ba, sai ka tsaya kan mita.

A manhaja ka nemo STFT da LTFT. Ta farko gyaran da birenbos ke yi ne a yanzu-yanzu, ta biyu wanda ya haddace ne tsawon kwanaki. Ka haɗa su biyun. Idan jimilla ta nuna ƙari, yana ƙara mai ne saboda sensa ta ce bai isa ba; idan ragi ne, yana ragewa. Kashi 5 sama ko ƙasa lafiya ce. Har kashi 10 ana haƙuri. Abin da ya wuce nan akwai ciwo, ko da wutar cek ba ta kama ba tukuna da P0171 ko P0172.

Ka rubuta lambar a wuri uku: a silo, a juyi 2,500 a tsaye, da kuma a hanya kana tafiyar kilomita 80. Yadda suka bambanta shi ne yatsan da ke nuna maka wurin. Ƙari mai yawa a silo da ya ragu a 2,500, iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo ko gasket na manifol, domin 'yar ɓula ta fi tasiri lokacin da inji ke shan iska kaɗan. Ƙari kaɗan a silo da ke hawa yayin da aka ba mota wuta, mai ne ba ya isowa: filtar mai, famfo, nozul da suka toshe, ko mitar iska da muke kira eyafulo ta sha ƙura. A nan Kebbi na fi samun ta ƙarshen, musamman inda aka saka filta marar kyau. A wanke ta da maganinta na fesawa, ba da fetur da buroshi ba; 'yar wayar da ke ciki siririya ce. Ragi mai yawa a silo kuma, ka zargi nozul mai ɗiga, ko fetur da ya gangara cikin baƙin mai. Ka sansana sandar awon mai za ka ji.

Ka lura, a motar injekta "saiti" ba murɗa sukuru ba ne. Birenbos ne mai saiti. Aikinka ka gyara abu ɗaya, ka sake duba lamba, ka ga ta matso kusa da sifiri ko ba ta matso ba. Kada ka canza abu uku lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi magani ba. Waɗanda suka mayar da mota ta gas su ma wannan hanyar ce tasu: sensa ba ruwanta da irin man, inda ƙonewa ta daidaita take nunawa. Idan lambobin nan suka yi nisa da juna tsakanin fetur da gas, saitin gas ɗin ne bai yi ba.

Idan motar kafireta ce

A nan ne sensa ke zama kayan saiti na gaske, domin ba birenbos, hannunka ne birenbos. Yawancin Fijo 504 da Golf 2 masu kafireta ba su zo da ita ba, amma kana iya ciro mai waya huɗu daga wata motar ka dasa.

Zaren sensa M18 ne mai tazarar 1.5. Mafi sauƙi ka yanko mazauninta daga tsohuwar salansa a wajen 'yan gwangwan. Mai walda ya huda bututu a ƙasa kaɗan da inda rassan manifol suka haɗe, ya liƙa mazaunin ta sama ko ta gefe, yadda wutsiyar sensa za ta ɗan kalli sama, aƙalla digiri 10, don kada raɓar da ke taruwa a salansa da safe ta kwanta a bakinta ta fasa tangaran. A cire kan batir kafin walda, kuma kada sensa ta kasance a jiki. Wayoyin hita, ɗaya ga wutar makulli ta bayan fis, ɗaya ga bodi. Na saƙo da na at su shigo cikin mota zuwa mita.

Ka fara tabbatar da taimin, gibin bawul da tsayin mai a kwanon kafireta. Inji ya yi zafi, cok a buɗe. A yawancin kafireta, ɗaure sukurun silo yana rage mai, sassautawa yana ƙarawa. Ka sassauta har mita ta zauna a 0.8 ko sama. Sai ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kana jira daƙiƙa 15 bayan kowanne. Za ka kai inda lamba za ta rikito daga 0.8 zuwa 0.2 lokaci guda. Nan ne 14.7. Kada ka bar ta a nan. Ka koma baya kaɗan har ta hau 0.7 ko 0.8 ta zauna, domin tsohon inji ya fi natsuwa a silo idan mai ya ɗan rinjayi iska. Ka gyara gudun silo da ɗaya sukurun, ka sake duba mita.

Sai hanya, ku biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da mita. A miƙaƙƙen titi, ƙafa a tsaye a kan totur, kilomita 60 sannan 80. Idan lamba tana kai-kawo, ko tana ɗan zama ƙasa kuma mota ba ta shessheƙa, jet ɗinka, ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, ya yi. Idan ta liƙe sama da 0.85 ko'ina, ana ɓarnar mai: ko an taɓa faɗaɗa jet da waya, ko mai ya cika kwano. A sauko da jet mataki ɗaya tak, a sake gwadawa.

Inda za ka daina yarda da ita

Shekarun baya wani mai a-kori-kura 504 da ke ɗauko albasa daga Aliero ya roƙe ni in matse masa mai iya matsewa. Na saka ƙaramin jet har mita tana rawa a tsakiya ko da an take totur ƙasa, na ɗauka na yi gwaninta. Ya yi lodi da zafin bazara ya nufi Yauri. Bai kai ba bawul ya ƙone. Da muka buɗe kan injin, gefen bawul ɗin hayaƙi ya cinye kamar an gutsura, fulogai fari fat. Albasarsa ta kwana a hanya. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci, domin laifina ne.

Inji a cikakken totur yana buƙatar mai ya fi yawa, wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Rarar man nan ita ke sanyaya fistin da bawul. To ga matsalar sikelin mahauta: ko 14 ne, ko 13, ko 11, sensa 0.8 zuwa 0.9 za ta nuna, kuma 'yar tazarar da ke tsakani tana canzawa da zafin hayaƙi. Duk wanda ya ce maka 0.88 daidai yake da 12.5, kada ka ɗora injinka a kan maganarsa. Amfani ɗaya take da shi a nan, na gargaɗi: ka take totur ƙasa a giya uku, in ka ga lamba ta sauko ƙasa da 0.8, ko ka ji inji yana ƙarar tsakuwa, ɗaga ƙafarka nan take, mai bai isa ba. Wanda ke son saita ƙarfin inji na sosai, ko motar da aka ƙara wa tabo mai hura wa inji iska, sai ya nemi sensa mai faɗin awo irin Bosch LSU 4.9 da akwatinta, wadda ke nuna ainihin lambar.

In ta kama a canza

Mai hita kan yi kilomita 100,000 zuwa 160,000, kuma mafi yawan motocin da ke iso mana sun riga sun cinye wannan. Ka kwance ta salansa na da ɗumi-ɗumi, ta fi saurin sakuwa. Ka dubi bakinta kafin ka jefar: baƙin toka mai laushi yawan mai ne, farin gari gam ɗin gasket mai silikon ne ko ruwan lagireto da ke shiga silinda, ɓawon ƙasa-ƙasa kuma inji na cin baƙin mai. In ba a magance wannan ba, sabuwar ma haka za ta mutu. Kada a wanke ta da fetur ko a ƙona ta da wutar walda, ba ya dawo da ita. Ta Beljiyam caca ce, sai dai in mai kaya ya yarda ka ɗaura ka yi mata gwajin mataki na uku kafin ka biya. Ka saya da lambar da ke jikin tsohuwar, domin ta Toyota mai 3.3 da ta gama-gari ba sa maye gurbin juna ko da zarensu ɗaya. Idan haɗa waya ya kama, a matse da 'yan hannun ƙarfe, kada a yi dalma kuma kada a cusa giris a soket. Dalili kuwa, sensoci da yawa ta cikin wayar suke shaƙar iskar waje.

Bayan gyara, ka goge lambobin da na'ura ko ka cire kan batir na 'yan mintuna don birenbos ya manta tsohon lissafi, ka ba shi kwana biyu ko uku ya sake koyo. Sannan ka cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka rubuta kilomita, ka yi jigilarka yadda ka saba, da lodin da ka saba da iskar taya daidai. Ka koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100, ka rubuta a bayan littafin lodi. Ka maimaita sau biyu kafin ka sake taɓa wani sukuru.